Likkafanin Inna

Fagge, Kano
Shawwal 1384

Ƙanwata Zali,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da mijinki, ƙanena Kabo, malalacin da hannunsa ya manta alƙalami tun da ya ga Ka'aba. Inna jiki ya yi nauyi, ko fura sai an lallashe ta. Ga farin saƙi nan a hannun Alhaji Hashimu maƙwabcinmu. Ita ta kaɗa zarensa da kanta, damina biyu tana fama. Likkafaninta ne. Ku jiƙa shi da zamzam, ku shanya, ku ba Alhaji in an sauko daga Arfa. Ba ta da wani buri da ya wuce wannan.

Yayarki, Ɗaso

Zahir, Makka
Zulhajji 1384

Yaya Ɗaso,

Bayan gaisuwa da ban girma. Za ki ga Alhaji hannu wofi, kada ki zarge shi.

Ƙanenki ya faɗa karta. A bayan wani shagon gahawa suke yi, shi da direbobi. Tabarma ta tafi, tukunyata ta tafi, na yi shiru don kunya. Saƙin Inna kuwa tare muka jiƙa shi a Harami, yana wanki yana kuka. Ranar da ya bushe ya ɗauka zai kai wa Alhaji, sai ya biya ta shagon gahawar, ya ajiye shi a tabarmar caca. Wanda ya cinye direba ne, ya bi hanyar Madina, ko sunansa ba a sani ba.

Yaya, tsoro nake ji. Kabo ya daina cin abinci. In ya ga mahajjata sun shanya fararen ƙyallaye a rana sai ya bi yana shafawa, yana neman zaren Inna, har ana korarsa. Ya ce yana ganinta tsaye a bakin ƙofa tana rawar sanyi, a wannan zafi na Makka.

Malam Rabi'u tela, wanda shi ma karta ta taɓa raba shi da keken ɗinkinsa, ya riƙe shi. Shi ke karɓar ladan aikin Kabo ya kawo mini, ya zaunar da shi a shago bayan la'asar, lokacin da hannun ke ƙaiƙayi. Sau ɗaya ya sulale, Malam ya je ya kamo shi ba tare da zagi ba.

In sayi wani farin in jiƙa in aiko, mu ce shi ne?

Ƙanwarki, Zali

Fagge, Kano
Safar 1385

Zali,

Gaisuwa, sannu da haƙuri. Kada ki sayi komai. Inna ko da ido rufe ta san zarenta, shi ya sa na gaya mata gaskiya. Na zaci za ta yi kuka. Tambaya ta yi ko Kabo yana cin abinci.

Ta rasu ranar Talata. Alawayyon kasuwa muka sa mata. Ina jin haushinsa har yanzu, amma ku riƙe shi, ki yi wa Malam Rabi'u godiya a madadina.

Ga saƙonta, ki karanta masa yadda ta faɗa: "Na yafe masa ƙyallen, ƙasa ba ta zaɓen tufafi. Amma ranar da ya sake zama a gaban karta, ya sani ni ya ajiye a tabarmar caca."

Allah ya ba mu haƙuri.

Ɗaso