Auta da Lardin Kifi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya ke da 'yarki. Ya aiki, ya sanyi? Mu nan lafiya lau, Amarya da yara suna gaishe ki.

Na ga gara in rubuto maimakon in kira, don a waya ke ce mai magana, ni kuwa daga "to" sai "haka ne". Ga shi lokacin da kike tashi daga gidan tsofaffin da kike aiki, ni ina cikin ɗakin sanyi da safar hannu, waya tana can cikin aljihun wando tana ta kuka.

Takarduna na neman ƙaura zuwa ƙasar da kike sun kammala. Na ci jarabawar harshe, sun kuma amince da shaidar sana'ata. Abin da ya rage shi ne in zaɓi lardi. Kin fi ni sanin tsarin: kowane lardi yana ɗaukar ma'aikatan da yake buƙata, ya miƙa sunansu ga gwamnatin ƙasa, su kuma su yi alkawarin zama a cikinsa. Lardinku na fara dubawa, ba sai na faɗa ba. Masu gyaran injin sanyi sun yi musu yawa, wai in jira. Shekaru kuwa ba sa jira na. Duk wadda na ƙara, makin da suke auna ni da shi yana raguwa, sakamakon jarabawar ma yana da wa'adi.

Amma akwai wani ƙaramin lardi a bakin teku, na masunta. Suna da manyan ɗakunan ajiye kifi, da irin injin da na ƙare kuruciyata a gindinsa, kuma suna neman irina. Abokan aiki sun sa ni gaba, wai zan je sayar da sanyi a ƙasar da ake samunsa kyauta.

Na auna a taswira, tsakaninki da su bai wuce yatsa biyu ba. Me kika gani?

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na ga saƙonka, ina amsa gaisuwar kowa. Ka shafa min kan yara.

Yatsa biyu. Allah ya shirye ka. Wannan yatsan naka jirgin sama ake hawa, a sauka a canza wani. Ka ɗauka nan ma irin gida ne, ka tsaya bakin titi ka tare mota ka zo cin abincin rana?

Amma ka yi sa'a, don hanyar a buɗe take. Ka karɓi lardin kifin nan. Idan kun sauka, ka yi musu 'yan watanni har takardar zama ta zo hannu, sai ku tattara ku taho wurina. Mutane da yawa haka suka yi, ban ga wanda aka bi da sanda ba. A nan akwai makarantu, akwai 'yan gida, Amarya za ta sami masu kawo mata ɗinki. A can me za ta ɗinka, rigar ruwa?

'Yata ta tafi jami'a, ɗakinta babu kowa. Na share shi, na canza labule. Ku fara sauka a ciki kafin ku sami naku.

Kada ka tsaya kawo min dogon tunanin nan naka. Tun kana yaro idan aka aike ka sayen allura sai ka tsaya tambayar mai shago inda aka ƙera ta. Ni na goya ka, na san halinka. Ka yi abin da na ce.

Allah ya yi jagora.
Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata aiki da sauƙi.

Na nemi lardin kifin, sun kuma haɗa ni da wani kamfani. Mun yi hira ta bidiyo da mai kamfanin. Mace ce, dattijuwa, da hular ulu har kunne. Na sa kwat ɗin da na yi aure da ita, na haddace amsoshi, sai ga shi ba ta tambaye ni ko ɗaya ba. Ta ɗauki wayar ta fita da ni. Na ga tsakar kamfanin, na ga jiragen ruwa a ɗaure, har muka shiga ɗakin inji.

A can na ga mai kula da injin nasu. Tsoho ne, gwiwa ta ci shi, da sanda yake tafiya. Muna shiga sai ya ɗora tafin hannunsa a kan bututun injin. Yaya, haka nake yi kowace safiya kafin in duba kowane agogon awo na injin. Hannu yana riga allura sanin zazzaɓin inji. Na ce wa matar ta matso da wayar in ji ƙarar, ta matso, muka saurara tare kamar masu jiran likita.

Da muka fito sai matar ta ce tana da tambaya ɗaya. Ta ce sun taɓa ɗauko mutum biyu, kowanne da takardarsa ta fito sai ya wuce babban birni ana tsakiyar kamun kifi. Tsohon nan ya so ya huta tuni, babu wanda zai miƙa wa. Ta ce, "Kai za ka zauna?"

Na ce zan zauna. Bakina ne ya riga ni, amma da na bincika zuciyata ban ga ta musa ba.

Ki fahimce ni. A sana'armu ba a barin ɗakin sanyi da kaya a ciki. Inji ya tsaya babu mai tayar da shi, kifin garin gaba ɗaya ne zai ruɓe, wahalar mutanen da suka shiga teku. Na taɓa buɗe ƙofar ɗakin da ya mutu da kifi a ciki, har yau hancina bai manta ba. Ba zan iya karɓar makulli daga hannun tsohon nan ina ƙirga ranar gudu ba. In na je, na je kenan, na shekaru.

Na san ba haka kika so ba, kuma raina bai yi daɗi ba. Ki yi haƙuri.

Ƙaninki, Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Amarya ce. Ina gaishe ki, ya gida, ya ƙoƙari?

Ƙaninki bai san na rubuto ba. Tun da ya aiko miki wancan saƙon kika yi shiru, ya zama kamar kazar da ruwa ya doka. Jiya na same shi ya kwance fankar falo wadda lafiyarta ƙalau, wai yana jin wata ƙara. In ba ki amsa ba, keken ɗinkina ne zai biyo baya.

Amma ba don shi na rubuto ba. Ranar da kika kira yara ta bidiyo, ina tsaye a baya ina kallonki. Yaya, tun da na shigo gidan nan ban taɓa ganin ɗaurin ɗankwalinki ya karkace ba. Ke ce kika koya min, har kina cewa nawa kamar an ɗaure buhu. Ranar nan naki lulluɓawa kawai kika yi, kika cusa bakin a gefe. Wayar ma a jingine take da wani abu, kuma da hagu kika ɗauki kofi.

Ni tela ce, aikina kallon jikin mutane. Mace ba ta ɗaura ɗankwali da hannu ɗaya. Me ya sami hannunki na dama?

Idan ba ki so ya sani, ba zan faɗa ba, kodayake kin san cikina ba ya riƙe magana da daɗewa. Amma ni dai ki gaya min.

Allah ya ƙara lafiya.
Ƙanwarki, Amarya

*

Amarya,

Wa'alaikumus salam. Ina amsawa. Ashe bayan idon allura har na mutane kike leƙawa.

To, ki ba shi ya karanta, na gaji da ɓoyo. Na zame a kan ƙanƙara a matakalar gidanmu, ina fita aiki da safe. Wuyan hannu ya karye. An sa filasta, yana warkewa, yanzu ma da hagu nake danna wannan, ku yi haƙuri da kurakurai.

Karayar ba ta dame ni ba. A asibiti, ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni wa za a kira. Na buɗe baki na rasa sunan da zan faɗa. 'Yata tana tsakiyar jarabawa a wani gari, ba zan tayar mata da hankali ba. 'Yan gida da muke gaisawa kowa yana wurin aikinsa, kuma gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Daga ƙarshe lambar shugabar aikina na bayar. Ita ta kai ni gida, ta buɗe min ƙofa, ta tambaya ko akwai abin da nake so, na ce babu. Da ta tafi na zauna da rigar sanyi a jikina, na kasa cire ta, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifin 'yata.

Kullum ina wanke tsofaffi, ina ba su abinci a baki, ina ganin waɗanda ake ziyarta da waɗanda ba a ziyarta. Ban taɓa sa kaina a lissafin ba sai ranar nan.

Shi ya sa na matsa. Maganar makarantu da masu ɗinki duk ado ne. Ina so a ce in an tambaye ni wa za a kira, ina da ƙani a garin. Na ji haushinsa da ya zaɓi tsohon da bai sani ba a kaina. Har yanzu ina ji, kaɗan. Amma na karanta saƙonsa ya fi a ƙirga, ban sami inda ya yi kuskure ba, abin da ya ƙara ba ni haushi kenan.

Ki gaishe shi. Ki ce ya mayar da fankar.

Yayarku

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Sannu. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Amarya ta ba ni na karanta a tsaye, na nemi kujera. Kina can da karyayyen hannu, ni ina nan ina ba ki labarin bututu. Na ji kunya.

Lardin kifin sun zaɓe ni. Saƙon ya zo, suna jiran in amsa kafin ƙarshen wata. Ban amsa ba.

Ga inda na tsaya. Ba zan karɓa da niyyar gudu ba, wannan na faɗa kuma ban canza ba. Amma zan iya ƙin karɓa. In rubuta wa matar in ba ta haƙuri tun da wuri ta nemi wani, ni kuma in shiga layin lardinku in jira. Na san wataƙila layin ba zai zo kaina ba, shekaru su cinye makin, mu ƙare a nan inda muke. Mun yi maganar da Amarya, ta ce duk abin da kika ce. Ni ma haka na ce, kuma wannan karon ba "to" ɗin waya ba ne.

Ki faɗa min. In kin ce in bari, wallahi zan bari, ba kuma za ki taɓa jin na yi miki gori ba.

Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Hannu da sauƙi, an cire filasta.

Kada ka kuskura ka bari. In ka zauna a gida saboda ni, na rasa ka gaba ɗaya, ga alhakin yaranka a wuyana. Ka amsa musu yau.

Na yi tambaya a wurin aiki. Ashe masunta ma suna tsufa, akwai gidan kula da su a garin naku, kuma hannu bai ishe su ba. Ban ce komai ba tukuna, kada ka fara gaya wa Amarya ta shiga yanka labule. Shekaruna a birnin nan ba kaɗan ba ne, kabarin mijina yana nan, ban san ko zan iya ba.

Amma idan za ka nemi gida, ka nemi mai ɗaki uku. A ƙasa, ban da matakala.

Allah ya kawo ku lafiya.
Yayarka