Butar Yaya Sani

Zuwa ga Yaya Hajo, gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarki, ina maigida da yara? Yaya ciwon ƙafar? Mu nan unguwar Treichville lafiya lau, sai surutun 'ya'yana huɗu, duk ni suka gado. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ni da allo ba mu daɗe tare ba.

Yaya, na je gida, unguwar Adjamé. Shekara goma sha takwas ban taka gidanmu ba, tun ranar da marigayi Baba ya miƙa ni aikin tilas na layin dogo maimakon Yaya Sani. So nake in ga ko Yaya Sani zai iya kallon idona.

Aka kawo tuwo, sai ya ɗauki buta da kansa ya ce, "Miƙo hannu, Audu." Kin taɓa ganin wa yana zuba wa ƙane ruwa? Na miƙa, ya ga gurbin yatsu biyun da ƙarfe ya cinye. Ya yi ta zubawa har butar ta ƙare.

Na ce, "Yaya, uku suka rage, ba sa shan ruwa haka."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni na roƙi Baba ya tura ka."

Wato duk shekarun nan kabarin Baba nake wa fushi a banza? Ke kina gida ranar. Haka aka yi? Ki rubuto mini gaskiya, don ya ce in kai masa yara su gan shi, har yanzu ban amsa ba.

Ki sa ni a addu'a, ki roƙa wa Baba gafara. A gaida Inna Tabawa da maƙwabta.

Ƙaninki, Audu.