Ta Birni ko Ta Tsauni

Columbus, Amurka
11 ga Fabrairu, 2013

Zuwa ga Yaya Badaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Shamsiya da yara. Ya Dubai, ya kasuwa? Na kira ka sau biyu ban same ka ba, na san kana bakin ruwa kana fama da masu lodi, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Yaya, albishirinka! An ɗauke ni karatun likita, kuma har makarantu biyu. Dukkansu irin waɗanda ake kira na ostiyofati ne. Kada sunan ya ruɗe ka, cikakken likita suke yayewa, mai rubuta magani, mai shiga tiyata. Ƙarin kawai shi ne ana koya musu duba jijiya da gaɓoɓi da ƙashi da hannu.

Ta farko tsohuwa ce, a babban birni take, kuma tana da asibitinta. A nan ɗalibi zai yi dukkan aikin koyo. Sai dai ajin ya kusa mutum ɗari uku, kuma ranar da na je ganawa da su ba wanda ya ko yi mini murmushi. Ta biyu sabuwa ce, a wani ɗan gari cikin tsaunuka, ko yaye ɗalibanta na farko ba ta yi ba. Ba ta da asibiti, in an kai shekara ta uku sai a rarraba ɗalibai ƙananan asibitocin karkara. Amma mutanen kirki ne. Malamar da ta gana da ni har mota ta rako ni, tana tambayata yadda ake faɗin sunana daidai.

Ka san burina tiyatar ƙashi ne. An ba ni zuwa Juma'a 15 ga Maris in karɓi ɗaya in saki ɗaya. A gidanmu kai kaɗai ka taɓa zama ajin likita, don haka abin da ka ce shi zan yi.

Ka gaishe da kowa.
Ƙanenka,
Muhyiddeen

*

Port Saeed, Dubai
19 ga Fabrairu, 2013

Muhyi,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Ka yi haƙuri da jinkiri, kwantena uku ne suka haɗe mini, ga 'yan kasuwar Kwari sun cika ofis, kowa yana son kayansa su riga na wani isa Kano.

Mabruk, Allah ya sanya alheri. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, na ɗan yi mamaki. Na ɗauka irin karatun da kowa ya sani za ka yi. Na tambayi wani likita Ba'indiye da muke salla tare a unguwarmu Karama, ya ce shi ma sama-sama yake jin labarin irin wannan. To, kowa da abin da ya samu.

Tunda ka tambaye ni, ka ɗauki ta tsauni. Ni na zauna a babban aji, na san yadda yake cinye mutum. Malami bai san sunanka ba, ka faɗi ba mai waiwayarka. Waɗanda za ka tarar a ta birni 'ya'yan likitoci ne, tun suna goye suke jin sunayen magunguna. Kai kuwa, habibi, kada ka manta sai da na zaunar da kai wata biyu kafin lissafin sakandare ya shiga kanka. Ba gori nake maka ba, so nake ka san ƙarfinka. Inda aka rako ka mota, nan za a riƙe ka in ka yi tuntuɓe. Maganar asibiti kuma kada ta dame ka, mara lafiya mara lafiya ne, ko a birni ko a ƙauye. Tiyatar ƙashi kuwa, ka fara gamawa tukuna.

Yaya A'i ta sauka jiya sarin abaya da turare, tana wajenmu a Karama har ƙarshen wata. Tana gaishe ka.

Yalla, bari in tsaya nan, ana kirana a ƙasa.
Yayanka,
Badaru

*

Columbus
5 ga Maris, 2013

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na gode ƙwarai. Na karanta wasiƙarka ya fi sau biyar. Da farko ta yi mini ɗaci, don zuciyata ta fi karkata ga ta birni, har na fara duba ɗakin haya kusa da asibitin. Amma da na tuna kai ka shiga ka gani, sai jikina ya yi sanyi. Wataƙila na ɗauki kaina da girma.

Abu ɗaya ke damuna. Na kira Baba ranar Lahadi, ina tsammanin zai yi murna, sai ya ce, "Yanzu duk shekarun nan da ka yi a can, tausa za ka koyo?" Na yi ta bayani, ya ce in bari sai ya yi tunani, ya miƙa wa Umma wayar. Ban san wa ya kai masa wannan magana ba. Don Allah in kun yi waya ka fahimtar da shi, ya fi jin taka.

In sha Allah mako mai zuwa zan rubuta wa ta birni in ba su haƙuri.

Naka,
Muhyiddeen

*

Gwammaja, Kano
9 ga Maris, 2013

Badaru,

Bayan gaisuwa, na iso gida lafiya, kaya ma sun iso, ban da kwalin turare ɗaya da ya fashe. Ka gode wa Shamsiya da ɗawainiya. Sulaiman ɗana ne ke buga mini wannan, amma maganar tawa ce, kuma na ce kada ya gyara ko kalma.

Jiya Muhyi ya kira ni, ya ce ka ba shi shawara ya tafi makarantar tsauni.

Badaru, ranar da na zo ofishinka ina jiran takardar kayana, ka sauka wajen masu jirgin ruwa, na buɗe durowarka ina neman biro. Na ga takardun makarantun nan biyu, ka bugo su, sun fi shafi arba'in, duk ka bi su da jan biro. Turancina bai kai naka ba, amma a saman ta birnin da Hausa ka rubuta, da hannunka: "Wannan ce. Ba ma haɗi." Har daɗi na ji a raina, na ce ashe yaron nan yana da uba a Dubai.

Sannan ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ina kicin da Shamsiya muna tuƙa tuwo, kai kana falo kana waya da Baba. Falonku da kicin ɗin taku nawa ne? Da kunnena na ji ka ce, "Kusan tausa ce dai, Baba, irin ta masu ɗori, sai dai ta Turawa." Ka yi dariya. Shamsiya ta sunkuyar da kai, ta yi ta juya miyar da ta riga ta nuna.

Ban gaya wa Muhyi komai ba. In daga bakina ya ji, kun rabu ke nan har abada, ni kuma ba zan raba 'ya'yan Umma ba. Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Ka ɗauki waya yau ɗin nan.

Me yaron nan ya yi maka?

Yayarka,
A'i

*

Karama, Dubai
10 ga Maris, 2013

Yaya A'i,

Na ga saƙonki. Kwalin turaren zan bi miki shi.

Kin tambaye ni me ya yi mini. Bai yi mini komai ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Kin manta ranar da na dawo gida da akwatina, bayan na faɗi jarrabawar aji uku karo na biyu? Ke kika buɗe mini ƙofa. Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "To, sai kasuwa." Shekara tara ke nan ina kasuwa. Amma har gobe duk wanda ya sauko daga Kano, da ya shigo ofis sai ya ce, "Dokta, ina kayana?" Dokta mai kargo. Har Pakistanawan da ke mana lodi sun ɗauka, ɗaya ya taɓa nuna mini ƙurji a wuyansa wai in duba. Ina dariya, ina amsawa. Kin san yadda sunan nan yake sukata kullum?

Ni na koya wa Muhyi riƙe fensir. Littattafaina na ilimin jikin mutum ya riƙa buɗewa yana kallon hotuna, ina kore shi don kada ya yaga. Yanzu makarantu biyu ke layi a kansa, har yana da zaɓi. Ni ɗaya na samu, ta tofar da ni.

Kwana uku na yi ina karanta takardun nan, ina barin kwastomomi a tsaye. Da na ga hoton ɗakin tiyatar asibitin nan na birni, wallahi Yaya sai da na tashi na fita. Na tsaya bakin ruwa ina kallon yadda ake loda firji da tayoyi a jiragen katako, na ce wannan shi ne nawa asibitin. Da na dawo na zauna rubuta masa amsa, gaskiya na yi niyyar faɗa, sai hannuna ya rubuta wani abu daban. Na ce a raina ai can ma likita zai zama, sai dai ƙarami. Ƙaramin zan iya jurewa.

Zan kira shi. Ki ba ni kwana biyu in san ta inda zan fara.

Ƙanenki,
Badaru

*

Port Saeed
Alhamis, 14 ga Maris, 2013

Muhyi,

Assalamu alaikum. Kada ka saki ta birni. In ba ka karanta komai ba a wasiƙar nan, ka karanta wannan layin.

Tun Lahadi nake ɗaukar waya ina ajiyewa. Jiya har na danna lambarka, ta yi ƙara sau ɗaya, na kashe. Na kasa jin muryarka, shi ya sa na rubuto.

Shawarar da na ba ka ƙarya ce, kuma ina sane na ba ka. Na karanta komai game da makarantun nan. Ga mai son tiyatar ƙashi, ta birni ce. Za ka yi shekara biyu a asibiti ɗaya, gaban manyan da za su san hannunka, su kuma za su tsaya maka in ka zo neman gurbin ƙwarewa. Ta tsauni ba ta da laifi, amma ba a san ta ba tukuna, kuma hanyarka za ta yi tsawo. Likita Ba'indiyen da na ce na tambaya, ban tambayi kowa ba. Maganar lissafin sakandare kuma, mako biyu ne ba wata biyu ba, kuma a na biyun kai ka gyara mini amsa.

Wanda ya ce wa Baba tausa ce, ni ne. Yau da safe na kira shi na gaya masa gaskiya duka. Da na gama sai ya ce in ba shi lambarka ta gida.

Hassada ce, Muhyi. Na nemi wani suna in sa mata, ban samu ba. Ka fi ni, na kasa ɗauka. Ban ce ka yafe mini yau ba. Gobe ce ranar ƙarshe, ka rubuta musu ka karɓa, khalas, shi ke nan, sauran magana ma yi daga baya.

Yayanka, in har ka yarda,
Badaru

*

Columbus
19 ga Maris, 2013

Yaya Badaru,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya same ni.

Ranar Laraba da azahar na aika wa ta birni cewa ba zan zo ba. Na ga kiranka ɗaya da safiyar ranar, na bi sau biyu ba ka ɗauka ba, na ce aiki ne ya riƙe ka.

Da na karanta wasiƙarka na kira su. Matar ofishin ta ce an riga an ba wani gurbin, ɗalibai da yawa ke jira. Ta ce in ina so in sake nema baɗi, amma ba alkawari. Ba zan jira ba. Zan tafi tsauni, ranar 29 ga Yuli ake fara karatu, kuma zan yi iyakar ƙoƙarina a can.

Baba ya kira, ya sa mini albarka. Na gode da wannan.

Umma ta ce in yafe maka, na ce mata na yafe, kuma ina roƙon Allah ya sa har zuciyata haka ne. Amma kada ka kira ni tukuna. In na shirya, ni zan neme ka.

Ka gaishe da Anti Shamsiya da yara.

Muhyiddeen