Manyan Baƙaƙen Baba

Adelaide, 3 ga Mayu

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da tumaki da karyarka Bess.

Wai me na yi maka ne? Wasiƙa uku ke nan kana aiko mini da manyan baƙaƙe daga sama har ƙasa. Kai fa ka koya mini cewa babban baƙi na sunan mutum ne da gari da farkon jimla, har ka riƙa sa ni ina maimaitawa a teburin kicin. Ka kuma san mai rubutu haka tsawa yake yi. In don mun rabu da Dougal ne, ka fito fili ka faɗa. Tun da ya kwashe kayansa, farantin mutum ɗaya nake wankewa, ba na buƙatar ƙarin hukunci.

'Yarka,
Kerryn

Kimba, 12 ga Mayu

Kerryn,

Gaisuwa mai yawa. Na samu wasiƙarki, na ji daɗi komai lafiya. An ɗan yi yayyafi ranar Talata, bai ko kwantar da ƙura ba. Bess ta tsufa, yanzu ni ke kora tumaki ita tana kallo. Ki gaida mini Dougal.

Babanki

Adelaide, 17 ga Mayu

Baba,

Ina gaisuwa. To ni ma bari in yi tsawar, ga manyan baƙaƙen nan, kowanne kamar ɗan yatsa. In gaida Dougal? Dougal ya tafi tun watan Maris! Sau biyu ina rubuta maka. Ko dai ba ka karanta wasiƙuna, ko kuma ba ka damu ba. Wanne ne?

Kerryn

Kimba, 25 ga Mayu

'Yata,

Ina gaishe ki. Wannan ce wasiƙarki ta farko da na karanta da idona tun Janairu.

Tsakiyar ganina ta tafi, sai gefe-gefe. Ƙananan baƙaƙe sun zame mini kamar tururuwa, ko nawa rubutun ba na gani sai na yi shi irin wanda muke bugawa a buhun ulu. Sauran wasiƙunki suna cikin gwangwanin biskit na mahaifiyarki. Nakan buɗe, in riƙe, in yi tunanin abin da za ki ce, sai in amsa. Ban kai wa maƙwabciyarmu Bev ta karanta mini ba, kin san bakinta.

Ashe wata biyu kina zaune ke kaɗai ina ba ki labarin yayyafi. Na ji kunya ƙwarai.

Don Allah kada likita ya ji. Zai karɓe lasisin tuƙina, ga gari kilomita sittin. In ba mota ba gona, ni kuma ban san inda ake ajiye mutum irina ba.

Ki huta lafiya.
Babanki

Adelaide, 29 ga Mayu

Baba,

Gaisuwa. Ina tafe ranar Asabar a bas. Kada ka taɓa motar nan, Bev za ta ɗauko ni, na gaya mata komai.

Ka fito da gwangwanin, zan karanta maka su duka. Ranar Litinin kuma za mu je wurin likita. In za ka yi fushi ka yi, amma sai ina gabanka.

'Yarka,
Kerryn