Zanen Inna Yana Kaduna

Zuwa ga Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Allah ya haskaka makwancinki. Na san takardar nan ba za ta isa gare ki ba, don babu direban da zan ba ta a Kwanar Dangora ya kai miki kamar yadda muke aika kaya. Amma akwai maganar da ta dame ni, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Gida lafiya. An shigo da masara, Inna ƙafar ce dai ke damunta. An sa ranar 'yarki Ummi, bayan ƙaramar salla. Shafinmu na intanet kuma yana ta gaba, har daga Legas ake neman tsofaffin zannuwa yanzu. Matan Kiru da suka riƙa kiranmu 'yan gwanjon waya, su ne yau ke aiko mini da kayan kakanninsu in saya.

Kin tuna farkonmu? Mu hau acaɓa ɗaya zuwa Tudun Wada da ƙauyukan Doguwa, mu zauna muna hira da tsohuwa har ta ga dama ta buɗe kwalla. Mu wanke, mu turara, ki hau tudun bayan gida neman sabis. Ke kika kafa mana doka: ba a matsa wa tsohuwa, kuma ba a ɓoye wa mai saye inda zane ya lalace. Kullum kina cewa amana ce jarinmu.

Hoton da muka sa a goshin shafin, baƙin saƙin Inna ne, wanda ta shigo gidan Baba da shi. Mai tabon garwashi a gefe, da ta ɗinke da jan zare. Ta ba mu shi mu biyu. Kika riƙe hannuna kika ce wannan ko duniya za a ba mu ba na sayarwa ba ne, 'ya'yanmu za su ɗaura ranar aurensu. Aka ajiye shi a adakarki, don ke ce babba.

Makon jiya wata mata daga Kaduna ta turo saƙon ta'aziyya, sai yanzu ta ji rasuwarki. Ta yabe ki ƙwarai. Don ta faranta mini, ta haɗo da hotonta sanye da abin da ta saya a hannunki. Na ja hoton na ƙara girmansa. Ga jan zaren Inna nan a kafaɗarta. Ta yanka shi, Yaya. An ɗinka mata riga.

Ban yarda ba sai da na je ɗakinki na zazzage adakar har ƙasa, babu zanen. Matar ta ce ta daɗe tana roƙonki kafin ki amince, kuma kin ce kada ta sa hoton a ko'ina. Da daminar bara kuka yi cinikin. Lokacin da kika shigo da sabuwar waya mai kyan hoto, kika ce mini kuɗin adashi ne. Har guɗa na yi miki.

Da wayar ne cinikinmu ya buɗe, ban musa ba. Da ita nake aiki har yau. Amma me ya hana ki tambaye ni? Da na yi kuka, na yi fushin kwana biyu, wataƙila ma na yarda. Sau nawa na ce ki fito da shi ya sha iska, ki dube ni ido cikin ido ki ce yana nan lafiya? Tsofaffin ƙauye kin riƙe musu amana, ni da muka sha nono ɗaya ce ban cancanta ba? Kin ci amanata, kuma kin tafi inda ba zan iya yi miki rashin kunya ba.

Ranar da aka yi miki sutura, na durƙusa a kanki na ce na yafe miki duniya da lahira. Ban san abin da nake yafewa ba. Ba zan janye ba, don ba na so a tsare ki saboda ni. Amma zuciyata ba ta huce ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba.

Jiya Inna ta ce in ɗauko zanen a fara turara wa Ummi. Tana ta murmushi, tana cewa Balaraba akwai adana. Bayan kowace salla sunanki take fara kira a addu'a, ba na so ko sau ɗaya muryarta ta yi sanyi a kansa. Gobe da safe zan je in ce mata ni na sayar. Ni ina raye, zan iya ɗaukar fushinta.

Ki huta lafiya. Sauran maganar sai mun haɗu.

Ƙanwarki da kika bari da kaya,
Asabe