Ɗigo Biyu a Idon Hajiya

Gobarau, Katsina.
Ranar Laraba.

Zuwa ga Abban Madina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal da ba ya yankewa, ya abokan zama? Madina tana gaishe ka. Na ba Malam Garba direba takardar nan ne don na san in na kira ka a waya kuka zai ci ƙarfina, ba abin da za ka gane.

Kada ka ji a bakin wani: Hajiya tana asibiti tun jiya. Da ranta, tana magana, har faɗa tana yi. Ido ne.

Ka tuna ka ce in kai Madina a duba idon nan nata da ke karkacewa. Na kai ta ran Alhamis. Likita ta ce ba za ta ga cikin ido sosai ba sai ɗan baƙin nan na tsakiya ya buɗe. Manya ana ɗiga masu wani magani mai sauƙi a can, su zauna rabin awa a benci, kafin dare ya sake su. Amma idon yaro gardama gare shi, sai ta ba ni mai ƙarfi a 'yar kwalba mai jan murfi, in ɗiga mata kwana uku a gida. Ta ce yakan kai mako biyu bai saki ba. Na yi, muka koma Litinin aka auna ta, tabarau za a ba ta.

To, ka san gidanmu ba a zubar da ragowar magani. Na tari, na ciwon kai, duk suna cikin kwanon sha na Hajiya, kowa ya yi atishawa a unguwa nan ake aikowa. Kwana biyu Hajiya tana fama da ƙaiƙayin ido, ga kuma magani daga hannun likita yana ajiye. Jiya da hantsi ya shiga idonta, duka biyun.

Kafin azahar ta ce ba ta ganin baƙin Alƙur'ani. Na ce zai wuce, haka Madina ta yi. Da la'asar ta kama kai tana salati, ta yi amai sau biyu, idon hagu ya yi jawur. Da na taɓa fatar idon, Abban Madina, tauri kamar goriba. Ban san sanda na fita tsakar titi da mayafi a hannu ina tsayar da keke napep ba.

Likita ta ce hanyar da ruwan ido ke bi ya fita tata matsattsiya ce tun asali, da baƙin ya buɗe sai ya toshe ta, ruwa ya taru. Shi ya sa su ba sa ɗiga wa tsoho sai sun haska sun duba. An yi mata ƙarin ruwa, an ba ta ƙwayoyi, ana ta ɗige-ɗige. Na dama ya fara sauka. Na hagu sun ce sai an ga abin da Allah ya yi, kuma ban ji daɗin yadda suka faɗe shi ba.

Tsoro nake ji, wallahi irin wanda ban taɓa ji ba. Ka sa a yi addu'a.

Taka,
Rashida.

Gobarau, Katsina.
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Abban Madina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya jiki, ya hankali? Na ji ogan naku ya hana ka tahowa sai ƙarshen wata, Allah ya kai mu. Mu lafiya lau, in ban da abin da ka sani.

An sallamo Hajiya jiya. Sun huda wata 'yar ƙofa a kowane ido da na'ura mai haske, don ruwan ya samu hanya. Na dama ya tsira, alhamdu lillahi, ta gane ni, ta gane Madina, har ta ce ɗankwalina bai dace da zanena ba. Na hagu haske kawai yake bambancewa. Likita ba ta ɓoye mana ba, ta ce kada mu sa rai da yawa.

Yanzu ga abin da ya hana ni cin abinci. A waccan takardar na rubuta maka cewa magani ya shiga idonta. Ban ce wa ya sa shi ba. Ni ce. Ta kira ni ta miƙo kwalbar, ta kwanta a tabarma ta ɗaga fuska. Na tuna sarai likita ta ce na Madina ne ita kaɗai. Maganar ta zo min har baki. Amma shekara takwas ina gidan nan ban taɓa ce wa matar da ta haife ka a'a ba, ko sunanta ban taɓa faɗa ba. Sai na ga kamar rowa zan yi mata, na ce a raina ɗigo ɗaya me zai yi. Na buɗe mata ido da yatsuna na ɗiga.

Da likita ta tambaya da zafi wa ya yi wannan aiki, ina tsaye a wurin, Hajiya ta riga ni. Ta ce ita ta ɗauka da kanta ina kasuwa. Haka ta faɗa wa wanka, Yaya Yahaya, haka ta faɗa maka a waya, ina jinta. Da muka kaɗaita ta ce in na kuskura na buɗe baki ba ta yafe ba. Ka ga yau na saɓa mata, a inda bai da amfani. Amma ba zan iya tarbarka da wannan a cikina ba. Duk hukuncin da ka yanke na ɗauka.

An ba ta sabon magani, safe da yamma, wai har iya rayuwarta. Yaya Yahaya ya ce matarsa za ta riƙa zuwa tana ɗiga mata. Hajiya ta ƙi. Ta ce ba mai taɓa mata ido sai ni. Ɗazu na durƙusa a kanta da kwalbar, na karanta sunan sau uku, na kasa ɗigawa. Sai ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe har na ɗiga.

Ka gaida mutanen wurinku. Ka yafe min in za ka iya.

Matarka,
Rashida.