Zakaran da Malam Audu Bai Yanka Ba

Salama a gare ku, Anti mai wannan shafi, da duk masu karatu, Musulmi da Kirista. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma ina roƙon kada wanda ya zage ni sai ya kai ƙarshen labarin. In ya kai, ya ga na cancanci zagi, to ya zaga, ni ma na zagi kaina har na gaji. Abin da ban iya ba shi ne in ce muku na yi nadama ɗari bisa ɗari, don in na faɗi haka na yi ƙarya.

Ni Kirista ce, Bahaushiya, aure ya kawo ni Jibiya. Maigidana makanike ne, yana gyaran motocin da ke zirga-zirga tsakanin nan da Maraɗi. A unguwarmu gidajen Kirista ba su da yawa, kuma muna zaman lafiya da kowa. Al'adarmu a nan, in Kirsimeti ta zo ba ma yanka dabba da hannunmu. Muna kiran Malam Audu, wani dattijo mai jan salla a masallacin layinmu, ya yanka mana, don maƙwabtanmu Musulmi su ci hankali kwance. Su ma in Sallarsu ta zo, har ƙofa ake kawo mana nama da tuwo. Haka na tarar ana yi, haka kuma na ci gaba.

Ina da aminiya, bari in kira ta Rakiya, ko da yake ba sunanta ba ne. Mutuniyar Maraɗi ce, tana sayar da atamfa da taliya, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Anti, wannan matar ita ta yi mini wankan jego da na haifi ɗana na fari, Bitrus, don uwata tana nesa. Lokacin da aka rufe boda, kasuwarta ta mutu, aikin maigidana ya tsaya, kwano ɗaya muka riƙa ci da ita, yau a gidana gobe a gidanta. Duk Kirsimeti kular Rakiya ce ta farko da nake zubawa, kafin ta fasto, kafin ta surukata. Ni da kaina nake zaɓar mata tsoka, in jera mata cincin a gefe, in ɗauka in kai mata. Da yamma kuma ta shigo tana lasar baki tana cewa, “Maman Bitrus, wagga shinkahwa ta Nowel, hannunki sai dai Allah shi tsare.” Nowel take ce wa Kirsimeti, irin na mutanen Nijar. Ni kuma in yi ta washe baki kamar wawuya.

Kirsimetin bara baƙi suka yi mini yawa, kuloli suka ƙare, sai na ce bari in leƙa in karɓo wadda na kai mata. Ban yi sallama da ƙarfi ba, don gidan Rakiya ba gidan da nake sallama ba ne. Ina kaiwa bakin zaure na hango kulata a kife a bakin kwata, agwagi suna wawar shinkafata. Shinkafar da na tashi tun asuba na dafa! Naman akuyar da muka yi wata uku muna kiwo, ga shi cikin caɓi, agwagi na ja. A tsaye a kansu akwai Yaya Hure, yayar mijin Rakiya da ke zaune a gidan tun da aurenta ya mutu. Da kunnena na ji ta ce, “Abincin bikin arna ai sai agwagi, ku ci, Allah ya kawo muku rabonku.” Na tsaya ina jira in ji abin da Rakiya za ta ce. Ina jira ta ce a'a Yaya, wannan aminiyata ce. Kun san me ta yi? Dariya ta yi. 'Yar ƙaramar dariya, ta ce, “Kai, Yaya ke nan.” Na juya a hankali na koma gida. Da yamma Rakiya ta shigo da kulata a wanke, an zuba mata dabino a ciki, tana cewa hannuna sai dai Allah shi tsare.

Ku gaya mini, in ku ne, yaya za ku ji? Da ta ce mini tun farko, ƙawata, addinina bai yarda in ci abincin bikinku ba, wallahi da ban ji haushi ba. Akwai maƙwabtan da suka faɗa mana haka, muna gaisawa da su har gobe, kuma ina ganin girmansu. Amma ki karɓa da hannu biyu, ki zuba wa agwagi, ki zo ki yaba mini gishirin miyar da ko ɗanɗanawa ba ki yi ba? Shekara nawa ana yi mini haka ina murna? Ni da nake cin naman layyarta har in siɗe yatsu?

Ban gaya wa kowa ba, ko maigidana. Na haɗiye, amma abin bai narke ba. Shekara guda cur ina gaisawa da ita, ina yi wa 'yarta kitso, muna zuwa kasuwa tare, a raina kuwa agwagin nan kawai nake gani. Da Babbar Salla ta kawo mini cinya guda, na karɓa na yi godiya, tana fita na ba kare. Na zaci zan huce. Ban huce ba, don ba ta sani ba, kuma ramuwar da wanda aka yi wa bai ji a jikinsa ba ai ba ramuwa ba ce.

Sai ga Kirsimetin bana. Ana gobe Malam Audu ya zo ya yanka akuya. Akwai kuma wani ƙaton zakara da maigidana ya sayo a kasuwar Magama, muka ce sai da safe a yanka shi. Da gari ya waye na tarar igiyar da aka ɗaure shi da ita ta naɗe masa wuya, ya mutu, jikinsa ma da sauran ɗumi. Maigidana ya duba ya ce, “Asara ce ta zo, a kai shi bola,” ya tara yara da surukata da ƙannensa da suka zo hutu, suka wuce coci. Na ce su yi gaba, zan ƙarasa girki in biyo su. Na ɗauki zakaran zan jefar, sai wani tunani ya faɗo mini: tunda agwagi nake yi wa girki, don me zan ba su naman akuyata? Abincin dabbobi suka ce, to bari in dafa musu abincin dabbobi. Na fige shi a bayan kicin, na sa shi a wata 'yar tukunya dabam, na zuba masa citta da kanumfari da tafarnuwa, na soya shi ya yi jawur. Ban taɓa yin girkin da na sa wa zuciyata irin wannan ba. Na jera shi a kan shinkafa cikin kular Rakiya, na kai mata da hannuna, na ce barka da Kirsimeti. Daga nan na wuce coci na tsaya cikin zumuntar mata ina rera waƙar haihuwar Mai Ceto, hannuna na ƙanshin mushe. Kuma wallahi raina fes, rabon da in ji sanyi irin wannan tun bara.

Anti, ni a lissafina agwagi ne za su ci. In ma Yaya Hure ta ɗan saci tsoka a ɓoye, to ruwanta. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne abin da ya faru bayan azahar.

Tsakar gidanmu cike da mutane, yara na ta tsalle da sababbin kaya, ƙannen maigidana da abokansu sun kunna kiɗa, surukata na rabon cincin. Sai ga Rakiya ta shigo da kular nan a hannu, ba a ko buɗe ta ba. Na ce a raina, yau kuma dawo mini da shi za a yi a gaban jama'a? Ta gaida surukata, ta jawo tabarma ta zauna kusa da ni, ta rage murya ta ce, “Maman Bitrus, bara kin gani. Na san kin gani, na hangi bakin zanenki a zaure.” Ta ce, “Shekara guda ina jira ki yi mani hwaɗa, ba ki yi ba. Da kin zage ni da ya hi mani sauƙi. Tun da Yaya ta dawo gidan ba ta bari a ci, ni kuwa tsoronta nike, sai in yi dariya don a zamna lahiya. Na ci amanarki. Na tambayi malamai, wasu sun ce a ci wasu sun ce a bari, ni dai na zaɓi in ci. Yau a gabanki za ni ci, da hannuna.” Idonta ya cika da hawaye, ta buɗe kular.

Ga tukunyar akuya nan kusa da ƙafata. Abin da zan ce kawai shi ne, tsaya ƙawata, wannan ya huce, bari in zubo miki mai zafi. Magana ɗaya tak. Surukata ma ta leƙo ta ce, “Ci abinki 'yata, mu nan ba ma yanka da kanmu.” Rakiya ta ce, “Haba Mama, ni ba ni tambayar wa ya yanka. Na san hannun da ya dahwa.” Ta yi bisimilla, ta ɗauki cinyar. Na buɗe baki, sai na ji 'yar dariyar nan ta bara a kunnena, “Kai, Yaya ke nan.” Na rufe bakina. Ina kallo ta ci cinyar, ta ci ƙirjin, ta tauna ƙashi, ta ce rabonta da nama mai daɗin wannan har ta manta. Kuma zan gaya muku gaskiyar da ta fi komai muni: rabin zuciyata na kuka, ɗaya rabin na cewa ci, ci, ai agwaginku ma sun ci nawa. Wace irin mace ce ni? Mutum ya zo neman gafara da hawaye, ka ciyar da shi abin da addininsa ya haramta masa, kana yi masa fifita?

Ta rungume ni ta tafi. Ina ɗaga kai na ga maigidana a ƙofar ɗaki, idonsa a kan ƙasusuwan da ke cikin murfin kular. Gidanmu babu wata kaza ranar, ya sani, na sani. Ya bari sai da baƙi suka watse. Ya ce, “Wace kaza Rakiya ta ci?” Na fara kame-kame, ya ɗaga mini hannu. Na ba shi labarin agwagi, na zaci zai ɗan tausaya mini. Ya ce, “Ita ta zubar da shinkafarki, ke kin zubar da sunan Malam Audu, da nawa, da na duk Kiristan da ke layin nan. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.” Ya ce in je in gaya mata da bakina kafin mu shiga coci sujadar sabuwar shekara, in ba haka ba shi zai gaya wa mijinta. Tun ranar a tasha yake cin abinci.

To in na faɗa, me zai biyo baya? Rakiya za ta iya yafewa, ban sani ba. Amma gidansu ba a ɓoye magana, Yaya Hure za ta ji. Za ta zagaye unguwa tana cewa, ba na gaya muku ba? Ni da hannuna zan ba ta gaskiyar da ba ta da ita. Daga ranar babu Musulmin da zai sake karɓar kula daga gidan Kirista a layinmu, Malam Audu ba zai sake taka ƙofarmu ba, kuma mijina a hannun direbobi Musulmi yake samun na abinci. In kuma na yi shiru, maigidana ba mai magana biyu ba ne. Sannan ina tambayar kaina, ita da ta yi shekaru tana yi mini ƙarya, hawayen rana ɗaya ya wanke ta, ni kuma laifin rana ɗaya zai cinye ni? Adalci ke nan?

Jiya Rakiya ta leƙo ta katanga tana ta murna. Ta ce ta yi ta lallashin Yaya Hure har ta yarda za ta biyo ta ranar sabuwar shekara, ta gaishe mu, ta ci abinci a gidana, a binne komai. Ta ce, “Ki yi mana irin zakaran nan, ƙawata, shi nike ta ba ta labari.” Na ce to, Allah ya kai mu. Tana sauka daga katangar na tsinci kaina a tsaye ina kallon zakaran da maigidana ya sake sayowa, da igiyar da ke ƙafarsa, ina murmushi. Wannan murmushin ne ya tsorata ni har na ɗauki waya na rubuto muku.

Sabuwar shekara jibi ce. Matar da na so ta ci mushen tun farko za ta shigo gidana da ƙafarta, wadda ta ci kuma har yanzu tana sa mini albarka. 'Yan uwa, Musulmi da Kirista, kada ku ce mini in yi haƙuri kawai, na yi shekara ina yi, kun ga abin da ya haifa. Me zan yi?